Rufi Biyu a Saman Komadugu: Yadda Aka Gano Ozon da Ayonosfiya

Tsakanin Diffa da Yamai akwai fiye da kilomita 1,300, amma tun kafin zuwan tashoshin FM da wayar salula, manoman tattasai na bakin kogin Komadugu suna jin labaran duniya a gajeren zango. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979. Abin da ke sauko da waɗannan muryoyi wani sashe ne na sararin samaniya da ake kira ayonosfiya. Sau da yawa akan rikita shi da shimfiɗar ozon, alhali tsayinsu da aikinsu da tarihinsu duk sun sha bamban.

Da kunne aka fara gano ayonosfiya. A Disamban 1901 Guglielmo Marconi ya karɓi saƙon rediyo a Newfoundland daga Cornwall ta Ingila. Masana suka rasa gane yadda saƙon ya bi lanƙwasar duniya. A 1902 Arthur Kennelly da Oliver Heaviside, kowa da nasa binciken, suka ce lallai akwai wani rufi a sama da ke maido da igiyoyin rediyo ƙasa. Edward Appleton ne ya tabbatar da hakan a 1924, ya kuma samu kyautar Nobel a 1947.

Wannan sashe yana farawa daga wajen kilomita 60, ya kai kusan 1,000. A can, ƙarfin hasken rana yana ɓalle ƙwayoyin lantarki daga iska, su kuma suke tanƙwara igiyar rediyo. Da rana, ɓangarensa na ƙasa yana shanye matsakaicin zango, da dare kuma sai ya kusa ɓacewa. Shi ya sa tashoshin nesa suke shigowa raɗau bayan isha'i, kuma gidajen rediyo suke sauya mita tsakanin shirin safe da na dare.

Ita kuwa shimfiɗar ozon, da haske aka gano ta. A 1913 Faransawa biyu, Charles Fabry da Henri Buisson, suka nuna cewa wata iska a sama ce ke tare wani ɓangare na hasken rana kafin ya iso ƙasa. Gordon Dobson ya ƙera na'urar auna ta, sannan Sydney Chapman ya bayyana a 1930 yadda rana ke raba iskar oksijin, ta sake haɗuwa uku-uku ta zama ozon. Mazauninta tsakanin kilomita 15 da 35 ne, ƙasa da ayonosfiya nesa ba kusa ba. Da za a sauko da ita a matse, kaurinta ba zai wuce milimita 3 ba, kamar fatar takalmi. Duk da haka ita ke shanye mafi yawan hasken UV mai ƙona fata da jawo yanar ido. Ga mai wuni a gona ko a kwale-kwale a Diffa, inda rana ke tsayawa tsakar ka, wannan kariya ba ƙarama ba ce.

Babban bambancin da ke tsakaninsu ya fito a 1974, lokacin da Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗi cewa sinadaran CFC na firji da gwangwanin feshi suna cinye ozon. A 1985 masana na Birtaniya suka ba da rahoton zaizayewarta a saman Antatika. Ranar 16 ga Satumba 1987 aka sa hannu a Yarjejeniyar Montreal, wadda daga baya kowace ƙasa ta amince da ita, har da Nijar da Najeriya. Ƙasashe masu tasowa suka daina amfani da CFC a 2010, shi ya sa gas ɗin da masu gyaran firji ke ɗurawa ya sauya. Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya na hasashen ozon za ta farfaɗo a galibin duniya wajen 2040, a Antatika kuma wajen 2066.

Ayonosfiya ba ta neman irin wannan jinya. Rana ce ke juya ta dare da rana, da kuma zagayen shekara 11, abin da ya rage wa mutum shi ne ya karanci halinta, musamman yanzu da take iya karkatar da lissafin GPS. Ozon kuwa amana ce a hannunmu: mu muka raunana ta, kuma warkewarta ta rataya ga yadda ƙasashe za su ci gaba da cika alƙawarin Montreal.