Guntun Gatarinka: Tarihin Mawaƙan Da Suka Sayar Da Kaset A But Ɗin Mota

Kafin a ci gaba da littafin da ake kawo muku a wannan fili, na ga ya dace in ɗan yi ratse in kawo wani tarihi da ya daɗe yana yi mini yawo a zuci. Tarihi ne na wasu mawaƙan gambarar zamani, wadda suke kira rap, daga cikin baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda tun daga shekarun 1980 suka ƙi zaman jiran kamfani, suka naɗi waƙoƙinsu da kansu, suka zuba kaset a but ɗin mota suna bin unguwa-unguwa suna sayar wa masoyansu hannu da hannu. Duk wanda yake cin abinci da basirarsa, mawaƙi ne ko marubuci, zai ga kansa a cikin wannan labari, domin tambayar ɗaya ce: idan ka yi gumi, wa ke shan romon?

Bari mu fara da yadda harkar take kafin su zo. A Amurka, idan babban kamfanin waƙa ya ɗauki mawaƙi, yakan ba shi wasu kuɗi tun kafin a fara aiki. Sai dai fa waɗannan kuɗi ba kyauta ba ne. Da su da kuɗin situdiyo, sau da yawa har da na ɗaukar bidiyo, duk a cikin ɗan kason mawaƙin ake zare su, ba zai ga ko anini ba sai kamfani ya fanshe abin da ya kashe. Sannan abin da 'yan kaset ke kira masta, wato asalin naɗin da ake kwafar sauran daga jikinsa, mallakin kamfani ne. Shi ya sa a 1995 'yan matan nan uku na ƙungiyar TLC suka je kotu suka ce sun karye, alhali faifansu yana cikin waɗanda ake sayar da miliyoyi a lokacin. A cikin waɗannan shekaru ne kuma shahararren mawaƙi Prince ya riƙa fita bainar jama'a da kalmar bawa rubuce a kumatunsa, saboda rigimarsa da kamfanin Warner Bros. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan. To wannan ma ga wanda aka ɗauka ne. A farkon lamarin gambara kusan duk idon kamfanoni yana birnin Niyu Yok, yaron da ya taso a wani gari ko kallo bai ishe su ba.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne kaset. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 1963. Shi faifan garmaho sai an kai masana'anta an buga, kuma ba a buga ɗaya ko biyu. Amma kaset, muddin kana da rikoda mai baki biyu, kai ma ka zama kamfani a cikin ɗakinka. Ka sayi wanda ba komai a ciki, ka kwafa, ka rubuta suna da biro, ka fita kasuwa.

Cikin waɗanda suka fara gane haka akwai Todd Shaw, wanda aka fi sani da Too Short. An haife shi a Los Anjalis a 1966, ya koma birnin Oakland na jihar Kalifoniya yana saurayi. Shi da abokinsa Freddy B suka riƙa naɗar kaset a gida suna sayarwa a bakin titi da wuraren da samari ke taruwa. Wata dabara da suka yi ita ce, idan mutum ya ƙara kuɗi sai su yi masa kaset nasa na kansa, su ambaci sunansa da unguwarsu su wasa shi a ciki. Mu da muka saba da yadda makaɗi ke kama sunan mutum a gidan biki, mun san abin da wannan ke yi wa zuciyar ɗan Adam. A 1987 ya fitar da kundinsa mai suna Born to Mack a ƙarƙashin ɗan kamfaninsu, Dangerous Music, suka sayar da dubbai a but ɗin mota da ƙananan shaguna. Da labari ya kai Niyu Yok, kamfanin Jive da kansa ya nemo shi, ya sake fitar da kundin a faɗin ƙasa.

A garin Vallejo da ke kusa, Earl Stevens, wato E-40, ya bi wannan sawu tare da 'yan uwansa na jini. Ya kafa Sick Wid It Records a 1989, ya yi shekaru yana kai kayansa shago-shago kafin shi ma Jive su ƙulla yarjejeniya da shi a 1994. Amma wanda ya fi kowa cin moriyar wannan hanya shi ne Percy Miller, Master P, mutumin New Orleans. Dala 10,000 ya samu daga diyyar da aka biya iyalansu bayan rasuwar kakansa sakamakon sakacin asibiti, da su ya buɗe ɗan shagon sayar da kaset a Richmond ta Kalifoniya ya sa masa suna No Limit. Zaman shago ya koya masa abin da mai zama a ofis ba zai sani ba, wato me mutane ke tambaya, me suke ɗauka su mayar, me suke zaro kuɗi su biya. Sai ya fara naɗar irin abin da suke so, yana lodawa a mota yana bin garuruwa. Lokacin da ya zauna da kamfanin Priority a tsakiyar shekarun 1990, bai je a matsayin mai neman taimako ba. Dillanci kawai ya ba su: su rarraba kaya su ɗauki ɗan kasonsu, shi ya riƙe kashi 80 ko fiye cikin 100, kuma masta tana hannunsa. A 1997 kundinsa Ghetto D ya hau na ɗaya a jadawalin Billboard.

Can kuma a birnin Houston na jihar Teksas akwai Robert Earl Davis, DJ Screw, wanda shi ko yawon ma bai yi ba, jama'a ne suka riƙa zuwa ƙofar gidansa. Salonsa shi ne ya rage wa waƙa gudu har muryar ta yi nauyi tana jan ƙafa, abokansa su yi ta zuba baiti a kai, ya naɗa a kaset ɗin Maxell mai ruwan toka, ya sayar dala 10. Da dare motoci kan yi layi a titinsu, har 'yan sanda suka yi zargin ƙwaya ake sayarwa. Da abin ya fi ƙarfin gida sai ya buɗe shago a 1998 mai suna Screwed Up Records and Tapes. Ya bar kaset ɗaruruwa, kuma salon nan nasa har yau ana jin sa a waƙoƙin manyan mawaƙa. Ya rasu a watan Nuwamba na 2000 yana da shekara 29, binciken likitoci kuma ya danganta mutuwarsa da kodin, bala'in da mu ma muka san ɗacinsa a cikin matasanmu.

Haka Jay-Z ya yi a Niyu Yok ɗin kanta. Da kamfanoni suka juya masa baya, shi da abokansa biyu suka kafa Roc-A-Fella, suka fitar da kundinsa na farko a 1996. Haka Ludacris ya yi a Atlanta da kundinsa na 1999, kafin Def Jam su ɗauke shi a 2000. In ka lura, mai karatu, kusan dukkansu daga baya sun haɗa hannu da manyan kamfanoni, domin mota ɗaya ba za ta kai kaya jihohi 50 ba. Amfanin but ɗin mota shi ne ya canja yadda ake zaman ciniki. Wanda ya zo da murya kaɗai, abin da aka yanka masa shi zai karɓa. Wanda ya zo da shaidar cewa mutum dubu kaza sun riga sun zaro kuɗinsu sun saya, shi ne ke faɗin farashi.

Wannan shi ne inda labarin ya taɓa ni. Mu marubutan da aka laƙaba wa aikinmu suna Adabin Kasuwar Kano, tun tsakiyar shekarun 1980 hanyar da muka bi ke nan ba tare da mun san wani Too Short ba. Manyan kamfanonin ɗab'i sun fi karkata ga littattafan makaranta, sai marubuci ya tara ɗan abin da yake da shi, ko ya ci bashi, ya kai maɗaba'a, ya ɗauko littafinsa a kwali ya kai Bata ko Sabon Gari. Ni kaina na ɗaura kwali a bayan babur na bi masu shago. Sai dai yawancinmu a hannun dila muka tsaya. Shi ya san mai saye, shi ke karɓar kuɗi, mu kuma mu yi ta sintirin karɓar ciko, har wasu suka gaji suka sayar da labarin ɗungurungum a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Wato mun kuɓuta daga kamfani, mun miƙa wa wani mastar da hannunmu.

Daga nan sai intanet ta zo ta birkita lissafi. A 1999 aka fito da Napster, inda mutane ke musayar waƙa kyauta ta kwamfuta. Cinikin faifan CD ya yi ta zubewa, har katafaren kamfanin shagunan waƙa na Tower Records ya rufe shagunansa na Amurka a 2006. A 2008 Spotify ya fara aiki, inda ake sauraro ba tare da an mallaki komai ba, abin da ke isa hannun mawaƙi a kan kowane sauraro kuwa bai kai ko sulai ba. Mutane da yawa suka ce zamanin sayar da faifai ya wuce.

Ana cikin haka sai ga Ermias Asghedom, wanda aka fi sani da Nipsey Hussle, ɗan Los Anjalis wanda mahaifinsa mutumin Eritiriya ne. Ya taɓa shiga hannun kamfanin Epic ya fita a 2010, ya kafa nasa mai suna All Money In. A watan Oktoba na 2013 ya fitar da kundi mai suna Crenshaw, sunan unguwar da ya taso. Ya saki waƙoƙin kyauta a intanet, duk mai so ya sauke. Sannan ya buga faifai 1,000 kacal, kowanne da lambarsa da sa hannunsa da tikitin zuwa kallon wasansa, ya ce kowane ɗaya dala 100. Mutane suka yi ta dariya, wai wa zai sayi abin da ake samu a banza? Kafin kwana ɗaya ya cika faifan sun ƙare, dala 100,000 ke nan. Jay-Z, wanda ya san zafin wannan hanya, shi kaɗai ya sayi guda 100. A ƙarshen 2014 Nipsey ya sake gwadawa da Mailbox Money, faifai 100 kowanne dala 1,000.

Abin da ya gano shi ne, masoyi na gaskiya ba sautin kaɗai yake saye ba. Yana so ya riƙe wani abu a hannu, yana so gwaninsa ya san da zamansa, yana kuma so ya tabbatar kuɗinsa sun shiga aljihun wanda ya yi wahalar. Dabarar nan ce dai ta Too Short da kaset mai suna, ta dawo bayan shekara 30. Nipsey ya buɗe shagonsa na tufafi, Marathon Clothing, a unguwarsu a 2017. A ƙofar wannan shago aka harbe shi ranar 31 ga Maris 2019, yana da shekara 33.

Har yau hanyar ba ta mutu ba. A 2022 faifan garmaho ya fi na CD yawan ciniki a Amurka, kimanin miliyan 41 a kan miliyan 33, abin da rabon da a gani tun 1987. Ƙananan mawaƙa na kafa tebur a bakin zauren wasa suna sayar da faifai da kaset da riguna, wasu kuma ta dandalin Bandcamp, wanda aka buɗe a 2008, suke karɓar oda su aika wa mai saye har gida.

Ba ina cewa duk wanda ya cika but da kaset ya yi arziki ba. Sunayen da na lissafo su ne waɗanda suka tsallake, dubbai sun koma gida da kwalayen da ba a buɗe ba. Kuma da yawa daga cikin waƙoƙin nan cike suke da batsa da zancen ƙwaya da bindiga, ba abin da zan so 'ya'yanmu su kwaikwaya ba ne. Abin ɗauka a wurinsu abu biyu ne: sun riƙe asalin aikinsu ba su sayar ba, kuma sun san masu sayen kayansu ido da ido. A yau da littattafanmu suka koma cikin waya, wasu na kwafe su suna rabawa a zaurukan WhatsApp ba da izininmu ba, ina ganin ya kamata kowane marubuci ya zauna ya tambayi kansa: a cikin masu karanta ni, mutum nawa na sani, kuma nawa ne za su biya don su riƙe littafina mai ɗauke da sa hannuna? In sun kai 100 ma, to jari ne, domin Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, inda za a ɗora daga inda aka tsaya a littafinmu.