Saita na'urar sanyaya ɗaki a lokacin damina

Saita na'urar sanyaya ɗaki a lokacin damina shi ne zaɓen yanayin aiki, matakin sanyi da gudun fanka da suka dace da iska mai ɗauke da laima. Na'urar, wadda aka fi sani da AC ko eyakwandishan, aiki biyu take yi a lokaci guda: tana rage zafin iska, tana kuma cire ruwan da ke cikinta. A bazara aikin farko ake nema. A damina, musamman watan Agusta da ruwa ya fi sauka a garuruwa irin su Kano da Zariya, na biyun ne ya fi muhimmanci.

Asali

Don maganin laima aka ƙirƙiri na'urar tun farko. A shekarar 1902 injiniya Willis Carrier ya tsara ta domin wata maɗaba'a a Brooklyn da ke birnin New York na Amurka, inda danshi ke kumbura takarda har launukan bugu su kauce wa juna.

Yadda take cire laima

Ana auna laimar iska da kashi cikin ɗari. Idan ta yi yawa gumi ba ya bushewa a jiki, shi ya sa mutum kan ji cunkus ko da zafin ɗaki bai wuce digiri 27 ba. Iska mai zafin digiri 27 da laima kashi 80 takan fara zubar da ruwanta da zarar ta taɓa abin da sanyinsa ya sauka zuwa kusan digiri 23, kamar yadda raɓa ke taruwa a jikin kwalbar ruwan sanyi. Bututun da ke cikin na'urar sun fi haka sanyi nesa ba kusa ba, don haka ruwa ke taruwa a kansu ya bi tiyo ya zube waje. Sai dai hakan na faruwa ne kawai muddin kwamfiresa na aiki, kuma iya daɗewar iska a kan bututun, iya yawan ruwan da za ta bari.

Zaɓen yanayin aiki

Yawancin rimot na da alamar ƙanƙara mai tsinke shida ta sanyaya ɗaki, alamar ɗigon ruwa ta busar da iska, da alamar fanka. Yanayin ɗigon ruwa yana rage gudun fanka sosai, kwamfiresa kuma ta riƙa aiki a hankali ko tana yi tana hutawa. Shi ya fi dacewa da ranar da aka wuni ana yayyafi, gari ya yi sanyi amma zanin gado na danshi. Idan rana ta buɗe bayan ruwa, zafi da laima suka haɗu, ba zai wadatar ba. A nan gara yanayin sanyaya ɗaki a digiri 24 zuwa 26, fanka a ƙaramin gudu. Ƙasar Indiya ta wajabta wa kamfanoni su riƙa fitar da na'urorinsu a kan digiri 24 tun daga watan Janairun 2020.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sauke rimot zuwa digiri 16. Wannan ba ya sa ɗaki ya yi sanyi da sauri, yana dai hana kwamfiresa hutawa, wuta ko man janareta su tafi a banza, gilashin taga ya yi gumi. Yanayin fanka kaɗai shi ma ba ya cire komai, hasali ma ruwan da ya rage a kan bututu yake mayarwa cikin ɗaki.

Girman na'ura ma na da tasiri. Wadda ta fi ƙarfin ɗaki takan sanyaya shi cikin 'yan mintoci ta tsaya tun ba ta cire ruwan kirki ba, sai a samu ɗaki mai sanyi da danshi tare. Na'ura mai inbata ta fi iya wannan aiki, domin rage gudu take yi maimakon ta tsaya cak.

Akwai kuma na'urar sanyaya iska da ake zuba wa ruwa. Tana da amfani a bazara da iska ta bushe, amma a damina ƙara laima take yi.

Lafiya da kulawa

Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ba da shawarar kada laimar cikin gida ta kai kashi 60. Idan ta daɗe sama da haka fumfuna kan kama bango, littattafai da kayan fata, abin da ke tayar wa masu asma ciwo.

A rufe ƙofa da taga yayin da na'urar ke aiki, kada kuma a shanya jiƙaƙƙen wanki a ɗakin. A wanke matatar iska duk bayan mako biyu zuwa huɗu, a duba tiyon ruwa, domin idan ya toshe cikin ɗaki ruwan zai riƙa ɗiga. Ruwan sama ba ya cutar da ɓangaren da ke waje sai in ambaliya ta kai gare shi. Idan ana tsawa da walƙiya ya fi kyau a kashe na'urar daga soket, in kuma an ɗauke wuta aka dawo da ita, a jira minti uku kafin a sake kunnawa.