Wane Suna Za Mu Ba Cinikin Ofshin a Gaya?

Ta ƙofa uku kalmomin kasuwa suke shigowa Gaya. Ta gadar Malanbil Faransanci ya biyo manyan motocin da suka taso daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Ta hanyar Kamba, can jihar Kebbi, Ingilishi ke shigowa tare da lissafin naira. A cikin gari kuma Dandanci da Zabarmanci da Hausa suna aron juna tun kaka da kakanni. Kusan kowace baƙuwar kalma tare da kayanta ta iso: sai da aka ga layin motoci a bakin duwan kafin kalmar tiranzit ta zauna a bakin mutane. Yanzu waya ta buɗe ƙofa ta huɗu, kuma kalmomin da ke biyo ta ba su da buhu, ba su da dila, ba su da sito. Cikinsu akwai wadda masu Ingilishi ke kira ofshin, masu Faransanci su ce opsiyon, wadda tallace-tallacen Facebook da TikTok da Telegram ke cusa wa matasa da alkawarin riba kafin faɗuwar rana.

A ce hannun jarin wani kamfani yau sefa 10,000 ne, jika goma a lissafinmu. Sai ka ba wani mutum sefa 200 don ya ɗaure kansa cewa daga yau zuwa Juma'a, in ka ga dama, zai sayar maka da hannun jarin a kan jika goma. In farashi ya hau 10,500, ka ci 500, a cire 200 da ka biya, saura 300. In bai motsa ba, ko ya sauka, Juma'a na wucewa takardarka ta mutu, kuɗinka kuma sun zama na mutumin. Akwai kishiyar wannan, inda za ka biya don wani ya ɗaure kansa zai saya daga hannunka a farashin da aka yanke, komai faɗuwar kasuwa. Ofshin ke nan. Kasuwarsa mai tsari a birnin Shikago na Amurka aka buɗe ta, a watan Afrilun 1973. Mu a nan, kasuwar hannun jarin da Nijar da Benin ke ciki ita ce BRVM ta Abijan, wadda ta fara aiki a 1998 domin ƙasashe takwas masu sefa, kuma hannun jari da takardun bashi aka san ta da su. Bankin BOA Nijar na cikin kamfanonin da ake cinikin hannun jarinsu a can. Saboda haka saurayin da ke zaune a Gaya yana cinikin ofshin a waya, kuɗinsa ƙetare suke tafiya, hannun dillalin da bai taɓa gani ba.

Fassarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce zaɓi. Daidai take da ƙamus, amma Bahaushe bai san zaɓin da ake saye da kuɗi ba, bai kuma san wanda ke mutuwa ranar Juma'a ba. Idan aka ce wa mutum zaɓi ya rage nasa, an sakar masa mara ne, ba a karɓi ko dala ba. Abubuwa biyu da suka fi komai nauyi a wannan ciniki, kuɗin da ba sa dawowa da lokacin da ke ƙurewa, kalmar zaɓi ta haɗiye su duka. Ta kuma jawo ruɗani na biyu, domin malamanmu suna da nasu zaɓin a littattafan fiƙihu, wato hiyari. A mazhabar Malikiyya, mai saye ko mai sayarwa yana iya gindaya sharaɗin 'yan kwanaki don ya gwada kaya ko ya yi shawara, kusan wata guda in gida ne, kwanaki kaɗan in dabba ce ko tufa. Amma hiyari sharaɗi ne a cikin cinikin kaya na zahiri. Ba a yanka masa farashi dabam, ba a kuma ɗauke shi a kai kasuwa a sayar wa wani.

Sai kafin alƙalami, wanda ya fi kama da abin, shi ya sa ya fi haɗari. Asalinsa ɗan abin da ake ba malami kafin ya kafa alƙalami ya fara rubutu, daga baya ya zama sunan duk kuɗin da aka fara ajiyewa don a riƙe wa mutum kaya. Ɗan kasuwar Kamba ya ga shinkafa a siton Gaya, kuɗinsa ba su cika ba, sai ya ajiye wani abu ya ce a jira shi zuwa ranar kasuwa. Ga kuɗin da aka fara bayarwa, ga farashin da aka yanke, ga rana. Duk wanda ya ji bayanin ofshin zai ce ai wannan ne. To amma kafin alƙalami ɓangare ne na kuɗin kaya. Ranar cikawa ana cire shi daga jimla. Sefa 200 ɗin can ba a cire su daga komai, ko ka saya ko ka fasa sun tafi. Mai kafin alƙalami shinkafar yake so, ya gan ta, ya zura hannu a buhu. Mafi yawan masu ofshin na gajeren lokaci ba su da niyyar karɓar hannun jari ko ɗaya, takardar suke son sayarwa da zarar ta ɗan yi tsada. Kuma ko shi kafin alƙalamin da ake cinyewa idan mai saye ya fasa, wanda Larabawa ke kira urbun, malamai sun saɓa a kansa. Imam Malik ya hana shi a Muwaɗɗa, Hambaliyya suka halatta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yarda da shi a taronta na Burunai a 1993, da sharaɗin a iyakance lokacin jira. Ita wannan majalisar ce, a taronta na Jidda a 1992, ta yanke cewa cinikin ofshin yadda ake yin sa a kasuwannin duniya bai halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba amfanin dukiya ba ne, ba kuma haƙƙin da ake karɓar kuɗi a madadinsa ba. Wanda ya kira ofshin kafin alƙalami ya ari halaccin wani abu ya lulluɓa wa wani, kuma ina ganin wannan zalunci ne ga mai sauraron da ya dogara da harshensa.

Faransanci ma yana da nasa tarkon ga kunnen ɗan Nijar. Kuɗin da ake biya a sayi ofshin, firim ake ce musu, alhali firim da ma'aikaci ya sani ƙari ne da ke shigowa aljihu a kan albashi. Kasuwar hannun jari kuwa burs ce, kalmar da ɗalibi ya sani da kuɗin tallafin karatu. Duka biyun kunne ya saba jin su a wurin karɓa.

Ni dai kalmar dama na zaɓa. Dama tana zuwa, tana wucewa, tana kuɓucewa. Lokaci yana cikin jikin kalmar. In aka ce sayen dama, Bahaushe zai tsaya ya tambaya, yaya ake sayen dama? Wannan tambayar muke so ya yi kafin ya tura kuɗi. Daga nan sauran sunayen suna zuwa da kansu: damar saye, damar sayarwa, kuɗin dama, yankakken farashi, wa'adi. Cinikin gaba ɗaya kuma, cinikin dama mai wa'adi.

Wa'adin shi ne inda maganar gajeren lokaci take. Takardar dama kamar ƙanƙara ce a hannun mai talla cikin zafin Afrilu, ko ba a saya ba tana raguwa, kuma narkewar ta fi sauri gab da ƙarshe. Tun 2022 kasuwar Shikago ke da takardu a kan ma'aunin manyan kamfanoni 500 na Amurka waɗanda wa'adinsu ke cika kowace ranar aiki, kuma a 2023 cinikin masu mutuwa a yinin da aka saye su ya haura kashi 40 cikin 100 na duk cinikin dama a kan wannan ma'auni. A irin waɗannan babu hannun jarin da ke sauya hannu, bambancin farashi kawai ake biya da kuɗi. Sakamakon ga ƙananan masu ciniki sananne ne. Hukumar SEBI mai kula da kasuwar Indiya ta bayyana a Satumban 2024 cewa kashi 93 cikin 100 na ɗaiɗaikun mutane sama da miliyan 10 da suka shiga cinikin dama da na farashin gaba cikin shekara uku asara suka tafka.

Ban ce damar sayarwa ba ta da amfani ga kowa ba. Wanda ke riƙe da hannun jari da gaske yana sayenta a matsayin inshora. Mutanen Gaya sun fi kowa sanin dalilin wannan tsoro: sun ga Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sun ga gadar Malanbil ta rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023 har mutane da kaya suka koma kwale-kwale, sun ga naira ta zube a hannun 'yan canji. Amma wanda ba shi da kayan da zai kare, ya sayi damar da za ta mutu da yamma, hasashe kawai ya saya.

Akwai kuma wani abu dabam da ya saci sunan, wanda ake kira bainari. Manhaja ta tambaye ka, nan da minti ɗaya ko biyar farashi zai hau ko zai sauka? In ka canka a ba ka ƙasa da ninkin abin da ka sa, in ka kuskure a kwashe duka. Babu damar sayen komai a ciki. Hukumar kasuwannin Tarayyar Turai ta hana sayar da shi ga ƙananan masu ciniki a Yulin 2018. Hausa ba ta buƙatar ƙirƙiro masa suna, caca ce.

Roƙona ga ma'aikatan gidajen rediyon Gaya da Dosso, da masu fassara labarai, da malaman da matasa ke kawo wa tambaya: kada ku kira wannan abu zuba jari, kada ku kira shi kafin alƙalami. Ku ce cinikin dama mai wa'adi, ku kuma faɗa wa mai sauraro tun a jimlar farko cewa kuɗin dama ba sa dawowa.