Maleji: Shaidar da Agogon Tsohuwar Mota Ke Bayarwa a Hanyar Gummi

Idan mutum ya kai abu matuƙa, ado ne ko kashe kuɗi ko rashin kunya, Bahaushe yakan ce ya ƙure maleji, kuma ba lalle ne mai faɗar ya taɓa riƙe sitiyari ba. Daga tasha maganar ta fito. Maleji shi ne agogon da ke gaban direba, mai allurar da ke nuna gudu da ƴan lambobin da ke ƙirga tafiya, sunan kuwa aro ne daga kalmar Ingilishi ta lissafin mil. Kimanin shekara 50 ke nan da Nijeriya ta bar mil ta koma kilomita, amma kalmar ta ƙi tafiya. Shi ma ƙarfen da aka raɗa wa sunan yana nan, a jikin gawar tsofaffin motoci a bayan garejin kanikawa da cikin tarkacen ƴan gwangwan, a garuruwa irin su Anka da Gummi da Bukkuyum. A Turai da Amurka akwai masu tara irin waɗannan agogai, suna tantance maƙerarsu da shekararsu kamar yadda ake tantance tsohon kwabo. Dabararsu za ta yi mana amfani ko da ba mu da sha'awarsu, domin a yammacin Zamfara agogon mota na cikin ƴan abubuwan da suka rage ɗauke da kwanan wata daga zamanin da mota ta karɓe kaya daga bayan jaki da raƙumi.

Dalilin da ya sa maganar ta fi nauyi a wannan yanki shi ne layin dogo. Jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya iso Ƙauran Namoda a 1929, bai kuma karkato yamma ba. Audugar da gyaɗar da hatsin da ake nomawa a bakin Gulbin Zamfara, tun daga Gummi da Ɗaki Takwas har Anka, sai an kai su Gusau ta hanya, don haka babbar mota mai bodin katako ce ta zama jirgin mutanen nan. To amma wannan mota ba ta riƙe tarihinta. Bodin kafinta ne ya ƙera shi, in ya ruɓe a sake wani. Inji a sauke shi a ɗora na wata. Fenti da kirarin da aka rubuta a goshi suna sauyawa da sauyin mai ita. Lamba ma ba abin dogaro ba ce a ƙasar da ta kasance cikin Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ta koma Jihar Sakkwato a 1976, sannan ta zama Jihar Zamfara a 1996. Takardu kuwa gara ta daɗe da gamawa da yawancinsu. Agogo ne ke zaune a rufe cikin gwangwaninsa, bayan gilashi, yadda ya fito daga masana'anta.

Karatun farko a fuskar agogon ake yin sa: sunan wa ke jiki, kuma da wane ma'auni yake magana? Motocin Ingila da suka cika hanyoyin Arewa kafin samun ƴancin kai da bayansa, irin su Austin da Morris da Land Rover wadda aka fara ƙerawa a 1948, galibi agogon kamfanin Smiths na Landan suke ɗauke da shi. Haka Bedford, wadda aka fara harhaɗawa a Apapa a 1959, da harshen Ingila agogonta ke magana: gudu da mil, ƙarfin man inji da ma'aunin laba, zafin ruwa da Fahrenheit in an sa masa lamba. Marsandi da Volkswagen na Jamus suna zuwa da VDO, kamfanin da aka kafa a 1929. A Fijo an fi ganin Jaeger, a Fiat kuma Veglia. Waɗannan da kilomita aka saba ƙera su a ƙasashensu. Sai ga sauye-sauye sun zo a jere cikin ƴan shekaru. Ranar 2 ga Afrilu 1972 aka yi canjin hannu, motoci suka koma bin dama, sitiyarin da ya dace da hanya ya zama na hagu. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, a 1974 aka yi sabuwar dokar awo. A 1975 masana'antar Fijo ta Kaduna da ta Volkswagen ta Legas suka fara fitar da motoci, a 1980 kuma aka buɗe ta manyan motocin Marsandi a Inugu. Wanda ya jera agogai goma daga tsofaffin motocin hanyar Gummi zai iya ganin wannan juyi da idonsa, yadda Ingila ta saki kasuwar, a-kori-kurar Fijo 404 da Marsandi 911 suka karɓe ta.

Karatu na biyu sai an kwance agogon an juya bayansa, kuma nan ne aikin yake. VDO sukan buga hatimin wata da shekara a bayan gwangwanin, lamba biyu da ɗigo a tsakani, ta yadda 3.74 ke nufin Maris 1974. Sau da yawa ƙura da baƙin mai sun rufe shi, sai an goga da tsumma a hankali, don in aka sa yashi ko fetur hatimin tawada na iya bin su. Smiths su kuma a fuska suke sa shaidarsu, da ƙananan haruffa: lambar samfurin, da wata lamba da ke faɗin sau nawa kebur zai juya a cikin mil ɗaya. Wannan kebur daga giyabos yake tasowa, yana juya maganaɗisu a cikin agogon, maganaɗisun ya ja wani ɗan faifai mara nauyi da allura ke maƙale da shi, dabarar da Bajamushe Otto Schulze ya yi wa rajista a 1902. Akwai wani tsohon samfurin Smiths da ke aiki da haƙora irin na agogon bango, wanda ya daɗe a baburan Ingila har farkon shekarun 1960, ana gane shi da yadda allurarsa ke tafiya tsalle-tsalle maimakon sulalewa. Ƙananan gejojin ma suna da bakin magana. Gejin zafi mai siririn bututun ƙarfe da ya zarce har jikin inji, tsari ne da ya girmi mai wayar lantarki. Rubutun 6V yana nuna tsohon tsarin batir, wanda Volkswagen ta fara bari wajen 1967, 24V kuwa na babbar mota ne. Agogon da aka rubuta masa ƙirar Jamus ta Yamma ba zai wuce 1990 ba, shekarar da ƙasar ta haɗe.

Duk bakaniken da ya san aikinsa zai yi dariya a nan, kuma yana da hujja. Zai ce a ƙasar nan babu motar da ta mutu da kayanta na asali. In agogo ya lalace ba a aika wa Landan, Ƙofar Ruwa ake zuwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a sayo duk wanda ramin dashbod zai karɓa. Ta yaya za a ce agogo ya faɗi shekarun mota? Amsar ita ce shekarun kansa yake faɗi, kuma wannan ya isa a yi aiki da shi. In hatimin maleji da na gejin mai da na gejin zafi duk sun faɗa cikin ƴan watanni kaɗan, suka kuma dace da lambar da aka buga a ƙashin motar, to an samu shaidu da bakinsu ya zo ɗaya. In kuwa aka ga agogon VDO na 1979 mai kilomita a zaune cikin Bedford mai sitiyarin dama, an samu labari mafi daɗi: motar zamanin fam da sule ce ta rayu ta ƙetare canjin hannu, tana kan aiki aƙalla har 1979, kuma mai ita ya ga ta cancanci a kashe mata kuɗi. Lambar juyin kebur ma takan tona dashe. Agogon da aka ƙera don juyi 1,000 a mil, in aka haɗa shi da giyabos mai ba da 1,200, zai nuna 60 alhali motar 50 take yi. Mai tara kayan tarihi a Ingila zai kira wannan gurɓata, ya rage farashi. Ga mai neman tarihin kanikanci a Zamfara, wurin dashen nan ne kaɗai bakanike ya bar sa hannunsa.

Akwai inda ya kamata a ja burki. Lambobin da ke ƙirga tafiya, waɗanda mai saye ya fi zuba wa ido, su ne mafi ƙarancin gaskiya a duk agogon. Tsofaffin gurbi biyar gare su, in sun kai 99,999 sai su koma sifili kamar ba a taɓa tafiya ba. Motar da ke cin kilomita 200 a rana, kwana biyar a mako, za ta zagaye su cikin kimanin shekara biyu. Ga kebur da ke tsinkewa a hanyar burji a bar shi haka shekara da shekaru, don direban da ya san kowace kwana tsakanin Anka da Bukkuyum da kunne yake jin gudunsa. Haka nan ganin mil kaɗai ba ya tabbatar da tsufa, tunda motocin gwanjo da ake shigowa da su daga Amurka har gobe da mil suke zuwa, kuma ganin kilomita ba ya nufin bayan 1974, tunda Faransa da Jamus da shi suka tashi, makwabciyarmu Nijar ma haka. Sunan Smiths kansa ba hujja ba ne shi kaɗai, domin wani kamfani a yankin Wales yana ƙera sababbi da wannan suna da tsohuwar kama. Ana gane tsoho ne da taruwar alamomi: farin lamba da ya koma ruwan ƙwai, tsatsar zoben gilashi, sawun sukundireba a inda aka taɓa buɗe shi.

Wani kuma zai ce, a yankin da ƴan bindiga suka hana mutane noma da bin hanya, wa ke da lokacin juya bayan agogo? Gaskiya ne ba shi ne abin da ya fi damun kowa ba. Sai dai lokacin da ya rage wa waɗannan ƙarafa gajere ne. Ɗan gwangwan da kilo yake saye, sikeli bai san Smiths ba bai san Jaeger ba, kuma gawar motar da ta shekara 30 a ƙarƙashin dalbejiya tana iya ƙarewa a yini guda in masu yankan ƙarfe suka iso da wutarsu. Aikin da ake bukata bai fi ƙarfin ɗalibin tarihi mai wayar hannu ba: hoton dashbod kafin a kwance komai, hoton fuskar kowane agogo da bayansa, lambar ƙashin motar, da ɓangaren da sitiyari yake. Sauran bayanin yana bakin tsofaffin direbobi da yaran mota da suka yi lodin auduga zuwa Gusau, waɗanda za su iya faɗin wa ya sayo motar, a hannun wa, da wace shekara aka daina jin ƙararta a tasha. Agogon da aka cire aka jefa a kwali ba tare da an rubuta motar da ya fito ba, wata da shekara kawai zai iya bayarwa.