Ranar 15 ga Maris: Giginya, Dange da Kaduna

'Ya'yanmu da ke tasowa a Legas da Abuja da Kaduna duk sun san 1 ga Oktoba. Amma in aka tambaye su abin da ya faru ranar 15 ga Maris sai su yi shiru, alhali kuwa babu ranar da ta fi ta kusa da mu 'yan Dange.

A safiyar wannan rana ce, cikin shekarar 1903, rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta fuskanci mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Kano ta riga ta faɗi tun farkon Fabrairu. Dawaki da masu ba su iya tsayawa gaban bindiga mai ruwa ba, ba a daɗe ba aka tashi daga fagen. Sarkin Musulmi ya yi hijira gabas, jama'a na biye da shi, har ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli. Waziri Buhari ya tsaya tare da mutanen gari, shi ya ɗauki nauyin sulhu da baƙin.

A wannan yini ɗin dai, nan Dange, aka haifi jikan Sarkin Musulmi Mu'azu, aka raɗa masa Abubakar. Wa zai ce jaririn da aka haifa ranar da birni ya faɗi shi zai zauna gadon Shehu shekara 50 cur, daga 1938 zuwa 1988, ya ga ficewar Turawan da idonsa?

Wannan dacewa ta Allah ce. Ta ƙarshen kuwa da gangan aka shirya ta. Da lokacin ba Jihar Arewa mulkin kai ya zo, Firimiya Sa Ahmadu Bello, wanda ya gaji sarautar Sardauna daga Abubakar ɗin nan, ya tsayar da 15 ga Maris, 1959, domin a karɓi mulki a ranar da aka ƙwace shi. A ganinmu, wannan zaɓi ya fi dogon jawabi. Ranar ta faɗo cikin azumi, don haka aka jinkirta babban hawan daba na Kaduna zuwa watan Mayu. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yana da shekara 56 a lokacin.