Tal National: Yadda Makaɗan Yamai Suka Tara Jama'a Kafin Jaridun Duniya Su San Su

A watan Satumba na shekarar 1913 ba a san jitar lantarki ba a ko'ina cikin duniya; shekara ɗari bayan haka, a watan Satumba na 2013, wani ƙaramin kamfanin fayafayai na ƙasar Ingila mai suna FatCat Records ya fitar da faifan wasu makaɗan jita na birnin Yamai. Sunan faifan Kaani, sunan makaɗan kuwa Tal National. Masu sharhin kiɗa na Amurka da Turai sun karɓe su kamar baƙin da suka faɗo daga sama, har ɗaya daga cikin masu sharhin jaridar New York Times ya sanya faifan cikin guda 10 da ya fi so a wannan shekara. Amma a Yamai babu wanda ya yi mamaki, domin ƙungiyar ta riga ta shekara 13 tana kiɗa, kuma da wuya a sami mai zuwa buki a birnin da bai taɓa taka rawarta ba. Tarihin waɗannan shekaru 13, da na shekarun da suka gabace su, shi ne ke bayyana yadda ƙungiyar da ba ta da ubangida ta tara jama'a, kuma akwai abin lura a cikinsa ga garuruwa irin su Dogondutsi da Tibiri.

Zamanin da gwamnati ke riƙe da makaɗi

A ƙasar Hausa makaɗi ba ya rasa ubangida. Akwai na sarki, akwai na manoma, akwai na maharba da na mahauta. A ƙasar Arewa ta Arawa, cikin Dallol Mawri, mai goge da masu kaɗa ƙwarya suna tare da ƴan bori, makaɗin kokowa kuma yana bayan ɗan kokowarsa duk fagen da ya shiga. Kowane kiɗa da jama'arsa, kowace jama'a kuma ta san abin da ya wajaba a kanta na ciyar da makaɗinta.

Da kayan kiɗan Turawa suka shigo birane, sai suka zo babu wannan tsari, kuma suna da tsada: jita, da amsa-kuwwa, da ganguna, da wutar da za ta tashe su. Wanda ya iya ɗaukar wannan nauyi a Nijar ta bayan 1960 ita ce gwamnati. Gidan rediyon ƙasa, wanda aka buɗe a 1958 aka kuma sa masa suna Muryar Sahel daga baya, shi ne wurin da ake ɗaukar murya, shi ne kuma mai yaɗa ta. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a watan Afrilu na 1974, ya farfaɗo da Samariya, aka shiga shirya bukin matasa na ƙasa, inda kowace jiha ke zuwa da mawaƙanta da ƴan rawarta da makaɗanta na zamani. A wannan yanayi ne manyan garuruwa suka yi suna da ƙungiyoyinsu, waɗanda mutanen birni ke kira orkes: Azna ta Adar a Tawa, Karnabal a Maraɗi, Super Haske a Damagaram. Dogondutsi ma ta sami tata, Akazama, wadda ta ɗauki sunan kakan sarakunan Arewa. A 1987 aka kafa gasar Ɗan Gurmu domin kiɗan zamani, da sunan shahararren mawaƙin nan na Tawa.

Wannan zamani ya yi wa kiɗan Nijar babban alheri guda. Makaɗan farko sun soma ne da kwaikwayon rumba ta Kuba da ta Kwango da kiɗan baƙaƙen fatar Amurka. Gasa tsakanin jihohi ta sa suka waiwayi gida, suka ɗora waƙar kauye da kiɗan bori da na buki a kan jita. Abin da matasan Amurka da Ingila suka yi a shekarun 1960, lokacin da Bob Dylan ya hau dandalin Newport da jitar lantarki a 1965, shi makaɗan Tawa da Maraɗi suka yi da nasu gadon, ba tare da sun jira wani ya raɗa wa abin suna ba.

Sai dai alherin yana da iyaka. Muryar da aka ɗauka a gidan rediyo mallakar gidan rediyo ce; idan an daina sa ta, ta koma cikin akwati. Ƙungiyar Azna ta Adar, wadda gwanin jita Mona ya jagoranta tun shekarun 1970, ta yi shekaru tana cika fili da kiɗan rok mai ƙarfi, amma faifanta na farko da ya fita kasuwar duniya, Zabaya, sai a 2016 ya bayyana, bayan kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tattaro tsofaffin naɗe-naɗenta. Haka Mamman Sani, mai kaɗa ogan, ya naɗi kiɗansa a 1978, duniya ba ta ji shi ba sai da aka sake fitar da shi a 2013.

Kiɗa ya sauya

Kunce ya rasu a 1987. Taron ƙasa na 1991 ya rushe tsarin jam'iyya guda, Samariya ta yi sanyi, baitulmali ya bushe, ma'aikata suka riƙa yin watanni ba albashi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farashin duk abin da ake shigowa da shi ya ninka, har da tsirkiyar jita. Ubangidan makaɗan zamani ya janye hannunsa.

Hanyar farko da wasu suka bi ita ce ta waje. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya, wadda aka buɗe a Yamai a ƙarshen shekarun 1980, ta horar da makaɗa da dama. A 1994 kamfanin Stern's na Landan ya fitar da faifan Niamey Twice na Musa Pusi da Sa'adu Bori, wanda ya ɗora kiɗan bori na Hausa a kan kayan zamani. Yakuba Mumuni ya kafa Mamar Kassey a 1995, faifansu Denké-Denké ya fito a Faransa a 1999, suka zaga manyan bukukuwan Turai. Wannan hanya ta ɗaga sunan ƙasa, amma ƙofarta ƙarama ce, kuma mabuɗin yana hannun wani.

A gida kuwa kasuwa ta cika da sababbin abokan takara. Gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Anfani, sun buɗe a tsakiyar shekarun 1990. Matasan birni suka rungumi kiɗan rap tare da ƙungiyoyi kamar Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney. Finafinan Kano suka kawo waƙoƙin dandalin soyayya, inda mutum ɗaya da fiyano ɗaya ke yin aikin makaɗa goma. Duk mai son tara mutum shida ko bakwai a kan dandali, kowa da abin kiɗansa, dole ya nuna dalilin da zai sa mai buki ya biya shi. Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Alƙali mai jita

Cikin wannan hali ne Hamadal Isufu Mumini, wanda aka fi sani da Almeida, ya kafa Tal National a shekara ta 2000. Mutum ne mai fuska da yawa: ya buga ƙwallon ƙafa, ya yi aikin shari'a a kotu a Yamai, ya kuma koyar da kiɗa ga marayu a gidan yara na SOS. Sunan ƙungiyar ya fito daga hamadar Tal da ke kusa da Gigimi a gabashin ƙasa. Kalmar ta biyu kuwa alkawari ce: a cikin ƙungiyar akwai Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, kuma waƙoƙinta suna fita cikin harsunan ƙasa dabam-dabam. Da yawa daga cikinsu tsofaffin waƙoƙin gargajiya ne da aka sake wa tufafi: jita biyu suna saƙa da juna, ganguna suna gudu, kalangu yana tsoma baki kamar yadda ya saba a gidan buki.

Dabarar ƙungiyar ta tara jama'a ba ta da asiri, sai dai wahala. Sukan yi wasa dare biyar a mako, kowane dare wajen awa biyar ba tsayawa. Saboda haka ƙungiyar ta tara makaɗa fiye da goma, alhali shida ne kan hau dandali a lokaci guda. Wanda ya gaji ya sauka, wani ya karɓa, kiɗa bai yanke ba. Wannan yawa ya ba su damar rabuwa biyu idan bukukuwa sun haɗu a dare ɗaya. Sukan kuma ɗora kaya a mota su zaga garuruwan cikin ƙasa. Da yake babu kamfanin da ke rarraba fayafayai a Nijar, da kansu suke tsayawa a mahaɗar manyan hanyoyin Yamai suna sayar da faifansu ga masu wucewa. Kuɗin da ya shigo ba ya bi ta hannun kowa.

Matsalar da ta rage ita ce ta naɗar murya mai inganci. Almeida ya yi lissafi ya ga cewa kwasar ƙungiya duka zuwa ɗakin naɗi na wata ƙasa ya fi tsada bisa ga ɗauko mutum ɗaya da na'urorinsa. A 2008 ya gayyato Jamie Carter, wani ma'aikacin naɗar sauti na birnin Shikago, ya zo Yamai suka yi aikin faifan A-Na Waya, wanda ya karɓu ƙwarai a cikin ƙasa. A watan Janairu na 2011 Carter ya dawo, aka naɗi Kaani cikin kimanin mako biyu. Ƙungiyar ce ta ɗauki baƙon aiki, ita ta zaɓi waƙoƙin, kuma mutanen Nijar aka naɗa wa. Wannan shi ne bambancinta da yawancin waɗanda suka riga ta fita.

Lokacin da jaridu suka iso

Sa'ar Tal National ita ce kunnen duniya ya riga ya karkato wajen Sahel. Ƙungiyar Tinariwen ta Buzayen Mali ta ci kyautar Grammy a 2012. Bombino na Agadas ya fitar da faifan Agadez a 2011, sa'an nan Nomad a 2013. Sahel Sounds ya bazu da tarin waƙoƙin da aka kwaso daga wayoyin hannu a 2011. Amma wannan shahara ta zo da hoto guda: rawani, raƙumi, rairayi, da jita mai tafiyar hawainiya. Kaani ya rushe hoton. Masu sauraro sun ji kiɗan birni, mai sauri, mai hayaniya, wanda dubban dare na wasa suka goge har babu mai kuskure wa ɗan'uwansa. Abin da masu sharhi suka yaba, wato ƙwarewa da haɗin kai, gidajen bukin Yamai ne suka ƙera shi.

Daga 2013 ƙungiyar ta shiga zagaya Amurka da Turai. FatCat ya sake fitar da Zoy Zoy a 2015, sa'an nan Tantabara a 2018, faifan da ya ɗauki sunan tsuntsuwar gida da kowane Bahaushe ya sani, kuma mawaƙiyar rap Zara Musa ta sa murya a cikinsa. Yawan makaɗan ya sake yin amfani: yayin da wasu ke ƙetare, sauran suna riƙe da dandalin gida. Sun san karin maganar da ke cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kada a ɗauka hanyar ta zama shimfiɗaɗɗiya ga na baya. Katin waya da intanet sun kashe cinikin faifai a bakin titi. Waƙa tana yawo daga waya zuwa waya, mai ita bai ga ko dala ba. Annobar 2020 ta tsayar da tafiye-tafiyen makaɗa a duniya duka, matsalar tsaro kuma ta rage yawon dare tsakanin garuruwan Sahel. Abin da bai tsufa ba cikin tarihin Tal National shi ne jerin matakan: jama'ar gida tukuna, sa'an nan naɗi mai kyau wanda ke hannun masu shi, sa'an nan jarida.

Abin da ya shafi Arewa

Dogondutsi tana bisa babbar hanyar ƙasa, kimanin kilomita 270 gabas da Yamai, kuma duk makaɗin da ya nufi Tawa ko Maraɗi ko Damagaram ta nan yake ratsawa. Ƙasar ba ta rasa abin da Tal National ta gina kanta da shi ba. Daga Matankari zuwa Lugu, daga Kore Mairuwa zuwa Geceme da Dumega a gundumar Tibiri, wadda aka ware daga Dogondutsi a 2011, akwai taken bori, da kirarin ƴan kokowa, da waƙar daka, da waƙar gaɗa ta ƴan mata, kowanne da kiɗansa. Akwai kuma bukukuwan aure da suna, waɗanda su ne makarantar makaɗi ta gaskiya.

Abin da ke cikin haɗari shi ne ajiya. Azna ta Adar ta tsira daga mantuwa domin naɗe-naɗenta sun jira shekaru a wurin da aka adana su. Tal National ta tsira domin ta naɗi kanta. Ƙungiyar da ba ta sami ɗaya daga cikin biyun ba, sunanta kaɗai ke saura a bakin dattawa. Kaset ɗin da aka naɗa a filin bukin matasa a shekarun 1980 yana lalacewa cikin zafi da ƙura, masu kaɗa jitar wancan zamani kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Malamin makaranta da ya zauna da tsohon makaɗin Akazama ya rubuta sunayen abokan wasansa da shekarun da suka yi, ko ƙungiyar al'adu da ta tattara kaset-kaset daga akwatunan gidaje ta juye su cikin kwamfuta, sun yi aikin da babu ɗan jaridar waje da zai zo ya yi musu. Matashin Arewa da zai ɗauki jita gobe yana bukatar ya ji yadda na gabansa suka ɗora goge a kan tsirkiyar ƙarfe, kafin ya san inda zai ɗora nasa.