Wanne Ne Na Asali? Tarihin Gardamar Masu Sauraro Kan Sabunta Faya-fayan The Beatles

Maƙalar wannan mako za ta kai mu Ingila, wajen wata gardama da masu sauraron waƙa suka fi shekara 35 suna yi ba a raba ta ba. Idan kamfani ya ɗauko tsohon kundin waƙoƙi ya gyara sautinsa ya sake fitarwa, gyara ya yi ko ɓarna? Na zaɓi ƙungiyar The Beatles ne domin kaɗan ne mawaƙan da aka juya kayansu sau da yawa kamar su, kuma kowace fitarwa da rigimar da ta zo da ita.

The Beatles samari ne huɗu 'yan birnin Liverpool: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da Ringo Starr. Kundinsu na farko ya fito a 1963, suka watse a 1970. Kusan duk waƙoƙinsu an ɗauke su ne a situdiyon kamfanin EMI da ke titin Abbey Road a Landan, a ƙarƙashin furodusansu George Martin.

Kafin mu yi nisa, akwai aiki iri biyu da mutane ke yawan haɗawa wuri guda. Na farko shi ne wanke sauti: a ɗauko uwar tef, wato zaren da aka gama haɗa waƙa a kansa tun farko, a cire ƙararrakin da ba na waƙar ba, a daidaita ƙarfi da kaifi. Na biyu shi ne sabon haɗi: a koma kan zaren da aka ɗauki muryoyi da kayan kiɗa daban-daban, a sake tsara wa kowanne mazauninsa. Na farko kamar wanki da guga ne. Na biyu kuwa warware ɗinki ne a sake ɗinkawa.

Tushen rigimar yana can tun shekarun 1960. A lokacin, yawancin gidaje a Ingila garmaho mai lasifika ɗaya suke da shi, abin da ake kira mono. Sitiriyo, mai raba sauti hagu da dama, kayan 'yan tsiraru ne masu hali. Saboda haka mawaƙan sun fi zuba hankali a kan haɗin mono, su zauna tare da injiniyoyi har a gama, na sitiriyo kuma sau da yawa a yi shi ba su nan. Kundin Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band na 1967 an kwashe makonni ana haɗa mono ɗinsa, sitiriyon kuwa cikin 'yan kwanaki aka kammala. Haɗin biyu ba su zo ɗaya ba. Waƙar She's Leaving Home ta fi sauri a mono. A kundin 1968 da ake wa laƙabi da White Album, waƙar Helter Skelter ta mono ta gaza ta sitiriyo da kusan minti guda.

A Amurka ma wani abu daban aka sayar. Kamfanin Capitol ya riƙa rage waƙoƙi daga kundin Ingila yana haɗa wasu kundaye da sunaye daban, yana ƙara amsa-kuwwa a wasu waƙoƙin, wasu kuma ya ƙirƙira musu sitiriyon jabu daga mono. Ke nan tun ƙungiyar tana tare, yaron Landan da yaron New York ba abu ɗaya suke ji ba, kuma kowannensu ya girma da yaƙinin cewa nasa ne na asali.

Faifan CD ya shigo kasuwa a 1982, amma sai 1987 aka zuba kundayen The Beatles a kansa. Nan aka fara jin koke-koke. Kundaye huɗu na farko a mono kawai aka fitar da su, waɗanda suka saba da sitiriyo suka ce an tauye su. Help! da Rubber Soul kuwa George Martin bai gamsu da tsohon sitiriyonsu na 1965 ba, sai ya yi musu sabon haɗi. Wasu suka yaba, wasu suka ce ko shi ba shi da hurumin taɓa abin da ya riga ya shiga tarihi. Da shekaru suka ja, aka ƙara da ƙorafin cewa sautin faya-fayan 1987 siriri ne, ba shi da nauyin faifan garmaho. Haka aka zauna da su shekara 22.

A tsakanin nan wata cuta ta kama harkar, wadda ake kira yaƙin ƙara. Kamfanoni suka shiga gasar wanda faifansa zai fi ƙarfi a rediyo da cikin mota. Dabarar ita ce a danne wuraren da kiɗa ya tashi, a ɗago wuraren da ya kwanta, komai ya zo kai ɗaya. Da farko kunne zai ji kamar an ƙara armashi, amma bayan waƙa uku ko huɗu sai gajiya, domin an kashe hawa da saukar da ke ba kiɗa rai. Tsofaffin kundaye da dama da aka sake fitarwa daga ƙarshen shekarun 1990 sun sha wannan aski, har masu sauraro suka fara tsarguwa da duk faifan da aka rubuta wa cewa an sabunta shi. Garin neman gira an rasa ido.

Shi ya sa aka zura ido ranar 9 ga Satumba, 2009, da aka fitar da dukkan kundayen The Beatles da sabon wanki. Injiniyoyin Abbey Road sun shekara huɗu a kan aikin, kuma sun yi taka-tsantsan. Cikin minti 525 na waƙoƙin, abin da aka bi da na'urar rage shuu bai kai minti 5 ba. Akwati biyu aka yi, na sitiriyo da na mono. An ɗan ƙara wa na sitiriyo ƙarfi, na mono kuma aka bar shi yadda yake. Akwatin mono kaɗan aka buga, bisa zaton sai 'yan ga-ni-kashe-ni za su saya, sai ga shi ya ƙare har an sake bugawa. Akwatin sitiriyon ya ci kyautar Grammy a 2011. Duk da haka gardama ba ta mutu ba. Masu son mono suka ce yanzu kowa ya ji abin da mawaƙan suka sa wa hannu. Masu son sitiriyo suka ce mono a cunkushe yake kamar ana waƙa a cikin tulu. Da aka sake fitar da kundayen Amurka a 2014, aka yi amfani da wankin 2009 a yawancin waƙoƙin, sai Amurkawa da dama suka ce a mayar musu da amsa-kuwwar Capitol, abin da injiniyoyi ke gani a matsayin aibi. Da ita suka girma.

Akwai kuma masu cewa duk sautin da ya ratsa kwamfuta ya mutu. Sun soki faya-fayan garmaho na sitiriyo da aka buga a 2012 saboda daga kwafin kwamfuta aka yanko su, suka yaba na mono na 2014 da aka yanko kai tsaye daga tef. Sai dai wani abu ya faru a 2022 da ya kunyata wasunsu. Kamfanin Mobile Fidelity na Amurka, wanda ya yi suna wajen buga faifai daga uwar tef, ya sanar da buga kwafi 40,000 na kundin Thriller na Michael Jackson. Mutane suka fara lissafin sau nawa za a juya tsohon zaren kafin a sami wannan adadi. Daga bisani kamfanin ya amsa cewa ya yi shekaru yana bi da sautin ta kwamfuta kafin yanka faifai. Faya-fayan da ƙwararrun masu sauraro suka daɗe suna kafa hujja da su, ashe sun ratsa abin da suke ƙyama, kuma kunne bai gane ba.

George Martin ya rasu a 2016. A 2017, cikar Sgt. Pepper shekara 50, ɗansa Giles Martin da injiniya Sam Okell suka yi wa kundin sabon haɗin sitiriyo, suna bin sawun tsohon mono. Hujjarsu tana da ƙarfi. Matasan yau da abin kunne suke sauraro, kuma a tsohon sitiriyo sau da yawa murya tana kunne ɗaya, ganguna suna ɗayan. Kundin ya koma na ɗaya a jadawalin Birtaniya. Aka bi da White Album a 2018, Abbey Road a 2019, Let It Be a 2021. Masu yabo suka ce sun ji gangar Ringo da jitar Paul kamar yau aka kaɗa. Masu suka suka ce an sa wa dattijo kayan samari.

Revolver na 1966 ya fi wuya, domin an cusa kayan kiɗa da yawa a layi ɗaya na tef mai layi huɗu. Sai a 2022 aka iya rarrabe su da wata manhajar ƙirƙirarriyar basira da kamfanin Peter Jackson, mai shirya fina-finai ɗan New Zealand, ya samar. Da ita aka zaro muryar John Lennon daga wani kaset da ya ɗauka a gida a ƙarshen shekarun 1970, aka fitar da waƙar Now and Then a Nuwamban 2023. An kashe John a 1980, George Harrison ya rasu a 2001. Biyu daga cikin masu waƙar ba su nan balle a tambaye su.

Wanda ya bi wannan tarihi zai ga cewa abin da mai sauraro ke kira na asali, galibi shi ne wanda ya fara shiga kunnensa. Matashin da ke kare Rubber Soul ɗin da ke wayarsa a yau, haɗin 1987 yake karewa, wanda a zamaninsa aka kira shi shisshigi. Don haka ni ban ga laifin wanki ko sabon haɗi ba. Inda nake ganin haɗari shi ne sabo ya kore tsoho. A zamanin faifai, ko me kamfani ya fitar, naka yana cikin akwatinka. A zamanin Spotify da Apple Music kuwa, abin da aka ɗora shi za ka ji. Da aka sa waƙoƙin The Beatles a irin waɗannan manhajoji ranar 24 ga Disamba, 2015, na sitiriyo aka ɗora, akwatin mono da mawaƙan suka fi wahala a kansa aka bar shi a waje. Abin a yaba shi ne an bar wankin 2009 kusa da sababbin haɗe-haɗen, kowa ya zaɓa.

Duk wannan ma ya yiwu ne saboda EMI ta adana zarenta. A watan Yunin 2008 gobara ta cinye wani rumbun kamfanin Universal a Amurka, uwayen tef masu yawa suka ƙone, kuma abin da ya ƙone babu injiniyan da zai wanke shi. Wannan ya shafe mu. Waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da ke yawo a wayoyinmu, da yawansu kwafin kwafi ne daga tsofaffin kaset. Duk wanda ke da kaset ko faifan garmaho na gado a gida, ya kwafe shi yadda yake, da shuu ɗinsa da komai, ya rubuta abin da ya sani game da shi, kuma kada ya yar da na hannun bayan ya kwafa. Ranar da masu gyara za su zo, sai an sami tsohon kafin a san ko gyara suka yi.

Ina masu sauraron tsofaffin waƙoƙi a zauren nan? Idan an ajiye muku tsohon sauti da wankakke, wanne za ku ɗauka, kuma don me? Allah Ya kai mu mako mai zuwa.